Mama na son ɗage aikin sankara don ta gwada man luban

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Watan jiya aka tabbatar Mamanmu tana da sankarar mama. Likitoci sun ce abin bai yi nisa ba, har sun sa ranar tiyata, bayan nan kuma za a yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗaurawa ta jijiya. Tun da ta ji an ambaci kemo hankalinta ya tashi, saboda ta ga irin wahalar da wata ƙawarta ta sha. Ana cikin haka sai Gwaggonmu, yayar Baba, ta zo da wasu 'yan kwalabe na tataccen man tsirrai mai ƙamshi, na luban da na kanumfari da na ɓawon lemo. Ta ce a riƙa ɗiga mata a ƙarƙashin harshe, ana kuma shafawa a wurin, a ba shi wata 3 kafin a yarda a sa mata wuƙa. Ta turo mini takardun bincike, na karanta, kuma da gaske an rubuta cewa man ya kashe ƙwayoyin daji. Yanzu Mama ta karkata wajenta. Ni ce babba, ni nake kai ta asibiti. In na hana wani abu ya faru, ni za a ɗora wa. In na yi shiru, ban san abin da zai biyo baya ba. Shin man nan yana magani? Kuma yaya zan yi da Gwaggo ba tare da na yi mata rashin kunya ba?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya.

Kada a ɗage ranar tiyatar nan saboda kwalaben Gwaggo. Babu wani tataccen man tsiro, ko na luban ko na kanumfari ko na lemo, da aka gwada a jikin mutane aka tabbatar yana warkar da daji ko yana hana shi bazuwa. Wata 3 da ake nema kuwa ba kyauta za a same su ba, daga cikin damar da Mama take da ita za a cire su. Ragowar abin da zan faɗa miki bayani ne, don ki samu abin riƙewa a hannu idan kin zauna da manya.

Takardun da kika karanta mai yiwuwa ba ƙarya suka faɗa ba, kuma wannan ne ya sa suke ruɗa mutane. Ki sake buɗe ɗaya, ki bar kanun, ki gangara wurin da aka bayyana yadda aka yi gwajin. Za ki ci karo da kalmar in vitro, ko kuma wani suna kamar MCF-7. Wannan MCF-7 ba mara lafiya ba ce. Ƙwayoyin sankarar mama ne da aka ɗebo daga jikin wata mata a birnin Ditiroyit na Amurka a 1970, tun daga lokacin ake ta hayayyafa su a ɗakunan bincike na duniya. Ana zuba su a wani ɗan farantin roba mai ramuka, a ɗiga musu man, a rufe, a dawo bayan kwana ɗaya zuwa uku a ƙirga waɗanda suka mutu. Idan da yawa sun mutu sai a rubuta cewa man ya nuna alamar yaƙi da daji.

To amma farantin nan ba shi da hanta, ba shi da ƙoda, ba jini da ke gudana a cikinsa. Man yana kwance kan ƙwayoyin dare da rana, ba abin da ke wanke shi. A jikin Mama kuwa, ɗigon da aka sa a harshe sai ya bi ta hanji, hanta ta farfasa mafi yawansa cikin sa'o'i, ƙoda ta fitar, ɗan abin da ya rage ya watsu cikin jini lita 5. Abin da zai isa ga ƙarin bai kai ko kusa da wanda aka zuba a faranti ba. In kuma aka ce sai an sha adadin da zai kai, to guba aka sha. Dalili shi ne, yawancin waɗannan mayukan suna kashe ƙwayar halitta ne ta hanyar narkar da fatar da ta lulluɓe ta, kuma ba su cika tambayar wace ce ta daji wace ce lafiyayya ba. Kashe ƙwayar daji a faranti ba gwaninta ba ce, tafasasshen ruwa ma yana yi. Wuyar aikin ita ce a kashe ta a cikin mutum, mutumin ya tashi da ransa.

Shi ya sa bayan faranti sai a koma kan ɓeraye, bayan ɓeraye a zo kan mutane kaɗan don a ga iya abin da jiki zai ɗauka, sannan a faɗaɗa, sannan a kwatanta da maganin da ake da shi. Cikin magungunan daji da suka kai ga gwaji a jikin mutum, ko ɗaya cikin goma ba ya tsallakewa zuwa asibiti. Kuma duk waɗanda suka faɗi, sai da suka burge masana a faranti kafin a kai su can.

Kada ki ɗauka masana sun yi biris da waɗannan mayukan ne. Sun gwada. Sinadarin da ya fi yawa a man ɓawon lemo, wanda ake kira limonin, ya rage ƙarin mama a jikin ɓeraye sosai, har aka sa rai. Aka ba masu daji shi a Landan, aka fitar da sakamako a 1998. Ba ɗigo-ɗigo aka ba su ba, giram-giram ne kowace rana, har zuwa inda tashin zuciya da amai da gudawa suka hana a ƙara. Mace guda ƙarinta ya ragu na wasu watanni. Sai aka sake gwadawa a kan wasu mata 10 masu sankarar mama, ba a samu ko ɗaya da nata ya ragu ba. Wani sinadari ɗan'uwansa ma an ba mutane shi ta baki a Amurka, bai yi abin kirki ba, ko da yake har yanzu ana nazarin shaƙarsa ta hanci ga masu dajin ƙwaƙwalwa. Abin da ake nazari daban, abin da ya tabbata daban.

Labarin luban ya fi ba ni haushi, don akwai wata dabara a cikinsa. Sinadaran luban da aka fi yin bincike a kansu, waɗanda ake kira bosuwelik, suna cikin ƙaron itacen ne, kuma masu nauyi ne. Shi kuwa tataccen man, da tururi ake fitar da shi: a tura tururi cikin ƙaron, abin da ya iya tashi ya bi shi, a sanyaya, a kwashe man da ya taso. Sinadaran bosuwelik ba sa tashi da tururi, a tukunya ake barin su. Wato mai talla yana nuna miki binciken abu ɗaya, yana sayar miki da wani. Su kansu bosuwelik ɗin ba a tabbatar suna warkar da daji ba. A watan Satumba na 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa manyan kamfanonin man nan biyu, doTERRA da Young Living, takardar gargaɗi saboda dillalansu suna tallata shi a matsayin maganin daji da wasu cututtuka. Ki juya kwalbar Gwaggo ki duba ƙananan rubutun da ke baya. Sau da yawa za ki ga an ce na shafawa ne kawai, ko an ce ba a yi shi don warkar da wata cuta ba. Abin da kamfani ba zai iya rubutawa a jikin kwalba ba, shi ake bar wa dillali ya faɗa da baki.

Gwaggo za ta ce miki ai magani a tsiro yake. Ki ce mata gaskiya ne, kada ki musa. Binkiristin da binbilastin, waɗanda suka taimaka wajen juya labarin sankarar jini ta yara da wasu nau'o'in daji, daga wani ɗan fure na ƙasar Madagaska aka samo su. Taxol, wanda ake yawan bai wa masu sankarar mama, kuma ba mamaki yana cikin abin da za a ba Mama, daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka ya fito. An ɗebo ɓawon a 1962. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka bayyana sinadarin a 1971. Ba a amince a bai wa marasa lafiya shi ba sai a 1992. Shekara 30 ke nan ana tacewa, ana aunawa, ana neman adadin da zai kashe cuta bai kashe mai ita ba. Kuma ya fito ne daga wani shirin cibiyar binciken daji ta Amurka da ya tantance samfurin tsirrai sama da 100,000, aka tsira da 'yan ƙalilan. Don haka zaɓin da ke gaban Mama ba tsakanin tsiro da sinadari yake ba. Tsakanin tsiron da aka auna ne da wanda ba a auna ba.

Yanzu batun jira. Masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi diddigin masu dajin da bai bazu ba, suka kwatanta mutum 281 da suka zaɓi wasu hanyoyin kaɗai da mutum 560 da suka karɓi maganin asibiti. Haɗarin mutuwar rukunin farko ya ninka na ɗaya rukunin sau biyu da rabi. A sankarar mama kuwa ya haura ninki biyar. Sankarar mama tana cikin waɗanda suka fi jin magani idan an kama su da wuri, don haka wanda ya bari ya fi kowa asara. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2020 ya nuna cewa kowane jinkiri na mako 4 wajen fara magani yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari, gwargwadon nau'in cutar da na maganin. Wata 3 irin wannan jinkiri uku ne a jere. A cikinsu ƙarin da za a iya cirewa shi kaɗai yana iya girma ya kai sai an cire nonon duka, ko ya tsallaka kaluluwar hammata, ko ya wuce can gaba inda maganar warkewa take komawa maganar lallaɓawa. Kuma duk wannan yana iya faruwa Mama tana jin kanta garau, tana cewa ai man yana aiki.

Kada kuma ki yarda da cewa in bai amfana ba ai ba zai cutar ba. Man nan ba shayin ganye ba ne. Sai an tara furen wardi sama da tan 3 kafin a samu kilo ɗaya na mansa, ki kwatanta ƙarfin abin da ke cikin ɗan ɗigo. Man kanumfari ya taɓa lalata hantar ƙananan yara da suka sha abin da bai wuce ƙaramin cokali biyu ba, kuma sinadarinsa yana rage daskarewar jini, abin da ba a so ga wadda za ta shiga ɗakin tiyata. Ƙaramin cokali ɗaya na man wani tsiro da ake kira wintagirin daidai yake da ƙwayar asfirin ta manya wajen 20. Man yukaliftus yana sa jijjiga kamar farfaɗiya idan an haɗiye shi. Wasu mayukan dangin lemo suna ƙona fata idan an shafa rana ta taɓa wurin. Hantar da za ta sarrafa maganin kemo ita ce dai za ta sarrafa waɗannan, kuma ba a ɗora mata kaya biyu ba tare da likita ya sani ba. Shafa man zalla a kan ƙarin ma ba ya ratsawa ya narkar da shi, abin da zai iya yi shi ne ya ƙona fatar da likita yake buƙatar ta kasance lafiya lau ranar ɗinki.

Duk da haka ban ce ki kwashe kwalaben ki watsar ba. Suna da wurinsu, sai dai ƙarami ne. A Ingila an yi gwaji da masu daji 288, aka ga tausa da man ƙamshi ta rage musu damuwa da ƙuncin rai na ɗan lokaci, bayan 'yan makonni kuma bambancin ya gushe. Wasu suna samun sauƙin tashin zuciya idan sun shaƙi na'a-na'a ko citta, wasu ƙamshin ne ma yake tayar musu da ita, musamman lokacin kemo da hanci yake ƙara kaifi. Idan Mama tana jin daɗin ƙamshin luban, a ɗiga ɗaya ko biyu a kan auduga a ajiye gefen gado. Idan tausa ce, ɗigo ɗaya cikin ƙaramin cokali na man shafawa na yau da kullum ya isa, a tafin ƙafa ko hannu ko kafaɗa, a fara gwadawa a ɗan wuri. Ban da baki, ban da kan ƙarin, ban da wurin ɗinki, ban da fatar da ake gasawa da na'ura. Ki tambayi likita kafin a yi amfani da labanda a jiki idan sankarar Mama mai bin sinadarin mata ce, domin an ga alamar yana ɗan kwaikwayon wannan sinadari a ɗakin gwaji, ko da yake masana ba su daidaita a kai ba.

Amma ni a ganina ba man ne ainihin matsalar ba. Mama ba ta karkata don ta gamsu da takardun bincike ba, tsoro ne. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. In kika tsaya kina jero mata alƙaluma, tsoron yana nan bai motsa ba. Ki same ta ku biyu, lokacin da ba baƙi, ki ce, "Mama, me kika gani a jikin ƙawarki da ya fi tsaya miki a rai?" Sai ki yi shiru ki saurara. Wataƙila aman ne, wataƙila zubewar gashin kai, wataƙila rasa nono da yadda Baba zai kalle ta, wataƙila kuma ƙawar ta rasu ne, ita a ranta kemo ne ya kashe ta. Kowanne da amsarsa. Kemo ba iri ɗaya ba ne, kuma wadda aka kama tata a makare ba daidai take da wadda aka kama da wuri ba. Akwai magungunan hana amai da ake bayarwa tun kafin a ɗaura ruwan. Gashin kai yana dawowa bayan an gama. Kada dai ki ce mata ba za ta wahala ba, don za ta ji jiki, kuma ranar da ta ji za ta daina yarda da maganarki. Ki rubuta tambayoyinta a takarda ku kai wa likita, ta ji daga bakinsa matakin da cutar take, abin da ake sa ran samu idan an yi aikin yanzu, da abin da zai canza idan an jira. In zuciyarta ba ta kwanta da shi ba, a nemi ra'ayin wani likitan daji na biyu. Wannan haƙƙinta ne, kuma cikin kwanaki ake yinsa, ranar tiyata tana nan a wurinta.

Gwaggo kuwa, ki ɗauka da kyakkyawar niyya ta zo, ko da ita ce take sayar da man. Yawancin dillalan nan su ma sun yi imani da abin da aka koya musu. Kada ki yi gardama da ita gaban mutane, kada ki mayar mata da takarda a waya. Babba idan aka ƙure shi a bainar jama'a, kare kansa zai yi, ba Mama ba. Fara shawo kan Baba, tunda yayarsa ce, kuma akwai maganar da shi zai faɗa mata ta wuce, ke in kin faɗa ta zama fitsara. Sannan ki je gidanta da kanki, ki gaishe ta, ki yi mata godiya, ki ce, "Gwaggo, ni yarinya ce, abin ya fi ƙarfina. Ina so ki raka mu asibiti ki zo da kwalaben, mu nuna wa likita ya gaya mana yadda za a yi amfani da su ba tare da sun ci karo da aikin ba." Kin ga kin ba ta girmanta, kin kuma mayar da hukuncin bakin wanda ya dace. In ta amsa, ki ba ta aikin da zai sa ta ji tana ciki, kamar tausar ƙafar Mama da zama da ita ranakun kemo. In ta ƙi zuwa, Baba da Mama za su gani da idonsu.

Kan zargin da kike tsoro, ba zan ruɗe ki ba, ana iya yinsa ko me kika zaɓa. Maganin asibiti ba alkawarin warkewa ba ne, dama ce mafi girma da ake da ita, rai kuwa na Allah ne. Amma ba ke za ki yanke hukunci ba. Jikin Mama ne, ita za ta sa hannu. Naki shi ne ki tabbatar ta yanke shi bayan ta ji gaskiya daga wanda ya ga hotonta da sakamakon gutsuren naman da aka auna, ba daga wanda ya ga bidiyo ba. Ki sa Baba da ƙannenki su kasance a wurin, don nauyin ya zama na gida, ba na ke kaɗai ba.

Idan ta riga ta fara sha, a dakata yau, kuma ki gaya wa likitan tiyata da mai sa barci sunan kowane mai, da yawan ɗigon, da ranar da aka fara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba faɗa za su yi ba, sun saba gani, ƙila dai su ƙara gwajin hanta da na daskarewar jini kafin aikin. In kuma duk da haka ta dage sai ta jira, kada ki yi fushi ki janye, kada kuma a soke katinta. Ki roƙi likita ya ba ku rana mafi kusa da za a sake duba ta a auna girman ƙarin, makonni kaɗan ba watanni ba, ku kuma yi yarjejeniya da ita tun yanzu, a gaban Baba, cewa in bai ragu ba za a yi aikin a wannan makon.